Zolayar kayan jarumai a cikin fim ɗinsu: yaushe take da ma'ana?

Tambaya: A fina-finan Marvel da DC sau da yawa sai ka ji wani ya yi wa jarumi ba'a kan alkyabbarsa ko ɗamammen wandonsa. To in duniyar fim ɗin ta riga ta cika da masu irin wannan shiga, zolayar tana da ma'ana a cikin labarin kuwa? Ko masu fim ɗin ne kawai suke jin kunyar abin da suka ɗauko?

Amsa:

Ɗan'uwa, duka biyun suna faruwa, wani lokacin ma a fim ɗaya. Hanyar da za ka rarrabe su ba ta da wuya. Ka ɗauka babu kowa a sinima, babu ɗan kallo ko ɗaya, abin da ke faruwa a allon gaske ne. Wannan mutumin zai faɗa wa wancan wannan maganar, a wannan wurin, a wannan lokacin? In zai faɗa, zolayar 'yar gida ce. In kuwa sai da kai a kujera take yin aiki, to marubucin ne ya leƙo ta bayan labule yana ƙyafta maka ido. Bayan wannan akwai tambaya ta biyu da ta fi ta farkon nauyi: da aka gama dariyar, fim ɗin yana buƙatar ka ci gaba da ganin girman kayan nan ko a'a? Yawancin zolayar da ke lalacewa a nan take lalacewa.

Sai an san inda kayan suka fito kafin a gane dalilin da ya sa ake tsokanarsu. Superman ya fara fitowa a 1938, a mujallar Action Comics, daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster. Shigarsa ba baƙuwa ba ce ga mutanen Amurka na lokacin, domin irinta ce masu nuna ƙarfi da 'yan kokawa suke sawa a rumfunan wasa masu yawo gari-gari: ɗamammen kaya daga wuya zuwa ƙafa, sannan a ɗora gajeren wando a kai don sutura. Mai karatu yana ganin wandon nan ya san an ce masa ga ƙaƙƙarfa. Launukan kuma injin buga takarda ne ya zaɓe su. Tawada huɗu ake amfani da ita a kan takarda mai arha, ja da shuɗi da rawaya su ne ke fitowa fes ba tare da sun dagule ba. Ga shi mai zane yana da shafuka da yawa da zai cika a wata, kuma zana jikin mutum a shafa masa launi ya fi zana riga mai ninki da inuwa sauri. Yadin roban nan mai ɗamewa da ake kira sifandes sai 1958 aka ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont, shekara 20 bayan Superman. Wato kayan nan ba tela ne ya fara ɗinka su ba, alƙalami ne. Ba su taɓa yin gumi ba, ba su taɓa tattarewa a gwiwa ba, sai ranar da aka sa wa ɗan Adam su a gaban kamara.

A nan matsalar gaske take. Kayan da kake gani a fim na yanzu ba riga ɗaya ba ce. Ana auna jikin akta da na'ura a fitar da siffarsa, a yi masa rigar ciki mai ƙirar tsoka da soson roba, sannan a ɗora yadin waje wanda aka buga wa ƙananan zane masu tudu don kada haske ya sa shi ya yi kama da kayan wanka. Akan ɗinka kwafi da yawa: na ɗaukar kusa, na masu tsalle da faɗuwa a madadin akta, na wanda aka riga aka yayyaga don bayan faɗa. A ƙarƙashin fuskar Spider-Man akwai wani ƙoƙo mai tauri da ke riƙe siffar kai, in ba haka ba hanci da leɓe za su fito ta yadin. Alkyabba kuwa sau da yawa a wurin faɗa babu ita a jikin akta, daga baya ake zana ta da kwamfuta, saboda ta gaske tana naɗe ƙafa kuma ba ta kaɗawa yadda darakta yake so. Zafi ne babban abokin gaba, har akan sa wa wasu rigar ciki mai bututun ruwan sanyi. Michael Keaton a Batman na 1989 ba ya iya juya wuyansa, domin hular da wuyan da kafaɗar a haɗe suke, shi ya sa in zai dubi gefe sai ya juya jikinsa gaba ɗaya.

Dubi abin da Christopher Nolan ya yi da wannan matsalar a The Dark Knight na 2008. Bruce Wayne, wato Batman, ya je wurin Lucius Fox mai ƙera masa kaya yana neman sabbin kaya masu sauƙi bayan karnuka sun yage shi, Fox ya gane cewa so yake ya iya juya kansa, Bruce ya mayar da abin raha cewa ko fitar da mota da baya zai fi masa sauƙi. Ɗan kallon da ya san tarihin wuyan Keaton zai yi dariya sau biyu, wanda bai sani ba zai yi sau ɗaya, kuma babu wanda aka bari a baya, domin matsalar tana nan a jikin Batman na cikin labarin. Fox ma ya ƙara da gargaɗi cewa rarraba farantan sulken zai buɗe ƙofa ga wuƙa da harsashi. Raha ce, amma ta mutum biyu masu aiki da kayan.

Yanzu ga wadda ta fi kowace shahara, wadda kusan duk wannan muhawara daga kanta ta taso. X-Men na 2000, darakta Bryan Singer. Ana shirin tafiya faɗan ƙarshe, an ba Wolverine irin kayan fata baƙaƙe da sauran suke sawa, ya yi ƙorafi yana tambaya wai da gaske da waɗannan suke fita waje. Cyclops ya mayar masa da gatse, ya ce ko ya fi son ɗamammen yadin roba ruwan ɗorawa ne. Rabin farko na wannan musayar lafiyarsa ƙalau. Wolverine ɗan ta-kife ne, a farkon fim ɗin a keji muka same shi yana dambe don kuɗi a wata mashaya a Kanada, mutum ne da bai saba da inifom ba balle ƙungiya. Dole ya yi tsaki. Rabin na biyun shi ne mai rauni. A duniyar wannan fim babu wanda ya taɓa sa kaya ruwan ɗorawa, babu wata ƙungiyar jarumai kafin su, babu abin da Cyclops zai tuna. Za a iya kare shi a ce kawai ya laluɓo mafi munin abin da ya zo masa a rai, kuma a matsayin gatse tsakanin maza biyu da ba sa ga-maciji, ta wuce. Amma dariyar da aka yi a sinima ba ta wannan ba ce. Dariyar ta waɗanda suka san cewa da rawaya da shuɗi Wolverine ya fara fitowa a littafin zane a 1974.

Akwai dalilin da ya sa aka rubuta ta. Shekara 3 kafin nan, a 1997, Batman & Robin na Joel Schumacher ya fito da kaya masu ƙyalli har da kan nono a ƙirjin sulke, aka yi masa ca, kamfanin ya jingine Batman na shekara 8. A gefe guda Blade na 1998 da The Matrix na 1999 sun nuna cewa baƙin kaya da fata suna sayuwa. Da alama masu X-Men sun ji tsoron a yi musu dariya, sai suka riga kowa yi. Riga-kafi ne. Illarsa ita ce wanda aka yi wa allurar bai nema ba: masoyin littafin da ya biya kuɗinsa ya shigo, shi aka ce wa abin da yake so abin dariya ne. Kuma in ana maganar hankali, fata mai kauri ba ta fi yadin roba dacewa da faɗa ba, ta fi nauyi, ta fi zafi, ta fi hana ɗaga ƙafa. Ba a bar rawaya don amfani ba, an bar ta don yayi.

Bashin nan an daɗe ana biyansa. A X-Men: First Class na 2011 an dawo da shuɗi da rawaya, aka kuma ba su dalili a cikin labari: kayan jirgi ne da Hank McCoy ya haɗa, da wani matashi ya tambaya ko dole ne a sa, shugabansu Charles Xavier ya tuna masa cewa babu wanda baiwarsa ta haɗa da jure matsin gudun jirgi ko ruwan harsashi. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, an wuce wurin. Sai 2024, shekara 24 bayan waccan maganar, Hugh Jackman, aktan Wolverine, ya sa rawayar a Deadpool & Wolverine. Deadpool ya tsokane shi a kai, kamar yadda yake tsokanar komai, amma fim ɗin ya ajiye wani abu a ƙasa: wannan Wolverine ɗin ya ƙi sa kayan lokacin da abokansa suke raye suna roƙonsa, yanzu da aka kashe su ba ya nan, ya kasa cire su. Launin da aka yi wa ba'a ya koma kayan makoki.

Abu na gaba shi ne shekarun duniyar fim ɗin, kuma nan ne tambayarka ta fi ƙarfi. In jarumin shi ne na farko da ya taɓa fitowa da irin wannan shiga, mamaki da ba'a dole ne, rashinsu ma shi zai zama ƙarya. A Superman na 1978, da Christopher Reeve ya fara fitowa titi da kayan, wani ɗan gari ya tsaya yana yaba shigar da baki buɗe. A Kick-Ass na 2010 yaro ne ɗan makaranta ya sayi korayen kayan ninƙaya ta intanet ya fita yaƙi da ɓarayi, suka yi masa dariya, suka daɓa masa wuƙa, mota kuma ta kwashe shi. Daidai ke nan, haka za ta faru. Amma duniyar da ta kai fim na 22, kamar yadda Marvel ta kai da Avengers: Endgame a 2019, inda yara ke sayen fuskokin jarumai a kasuwa kuma akwai gidan tarihi mai ɗauke da kayan Captain America, ba ta da hurumin yin mamakin alkyabba. Ka dubi dogarin sarki da babbar rigarsa ja da kore da rawaninsa. Baƙon da ya sauka yau zai iya tsayawa yana kallo. Mutumin da aka haifa a ƙofar fada ba ya ma ganin launin, abin da yake gani shi ne hukuma. In ka ji ɗan ƙofar fada yana tambayar me ya sa dogari ya yi wannan shiga, ka san wani ne ya sa masa maganar a baki.

Wannan ba ya nufin zolaya ta ƙare a tsohuwar duniya. Salonta ne ke sauyawa, ta tashi daga tambayar me ya sa kake sa kaya na daban, ta koma tambayar me ya sa ka zaɓi waɗannan. Sojoji suna yi wa juna ba'a kan hula, malaman asibiti suna yi kan takalmi. A The Suicide Squad na 2021, Bloodsport ya kwatanta kwalkwalin Peacemaker mai ƙyalli da mazaunin masai, shi kuwa Peacemaker ya murtuke ya ce alamar 'yanci ce. Dukansu biyu suna sanye da kwalkwali, babu wanda ke musun sa kwalkwali, ɗanɗano ake faɗa a kai, kuma amsar Peacemaker ta gaya maka ko shi wane ne fiye da dogon bayani. A Black Panther na 2018 Shuri ta yi wa yayanta T'Challa tsiya kan takalmin da ya shigo da shi ɗakin bincikenta, ta kuma kwaikwayi yadda zai ce wa masu harbinsa su dakata ya sa hularsa, don ta nuna masa tsofaffin kayansa sun tsufa. Ƙanwa ce kuma ita ce maƙeriyar kayan. Ba ta taɓa tambayar me ya sa sarkin Wakanda yake shigar damisa ba, domin wannan gadon gidansu ne. Ruth E. Carter, wadda ta tsara suturar fim ɗin ta kuma ci kyautar Oscar da ita a 2019, ta ɗebo daga shigar Maasai da Ndebele da bargunan Basotho, shigar ƙabilar 'yan kasuwa ta cikin fim ɗin kuma daga Buzaye ta ɗauko ta. Da an sa wani ɗan Wakanda yana yi wa waɗannan ba'a, da fim ɗin ya sare reshen da yake kai.

Wanda ya yi maganar ma abin dubawa ne. Mun san wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko jika da kaka: maganar da abokin wasa zai faɗa a yi dariya, in wani ya faɗe ta zagi ce. Tony Stark, wato Iron Man, ɗan ba'a ne tun fim ɗinsa na farko, kowa sai ya laƙaba masa suna, da ba'a yake ɓoye tsoronsa. Saboda haka a The Avengers na 2012, da ya ga Thor a daji ya tambaye shi ko mahaifiyarsa ta san ya yafo labulenta, maganar ta zauna daram. Thor baƙo ne, shigarsa kayan garinsu ce, Tony kuma ɗan birni ne mai raina abin da bai sani ba, alhali shi kansa yana cikin tukunyar ƙarfe ja da ruwan zinariya. Matsalar ta fara ne lokacin da aka ga wannan salon yana kawo kuɗi, sai kowa ya koma magana da bakin Tony: boka, soja, sarki, masanin kimiyya, har bos. In kowa abokin wasan kowa ne, to babu sauran wasa, sai murya ɗaya da ke fitowa ta bakuna goma, kuma muryar ta marubuci ce.

Akwai zolayar da ke yi wa labari aiki kai tsaye. A Batman Begins na 2005, Bruce Wayne yana cin abinci da manyan gari, ana hirar Batman, sai ya ce duk mutumin da ke shigar jemage ai da matsala a kansa. Ba fim ɗin ne ke jin kunya ba, Bruce ne ke ɓatar da sawu, kuma kai da ka san gaskiya kana jin ɗacin maganar. Fim ɗin ya riga ya ɓata lokaci yana gina kayan guntu-guntu: sulken an yi shi ne don sojoji aka ajiye saboda kowane ɗaya zai ci dala 300,000, hulunan kuma guda 10,000 aka yi oda ta kamfanonin bogi don kada ƙaramin oda ya ja hankali, sannan kashin farko ya zo da aibi yana fashewa. Wanda ya yi wannan wahalar ya sayi 'yancin yin raha sau ɗaya.

A ganina babu fim ɗin da ya warware wannan matsala kamar Captain America: The First Avenger na 2011. Kayan Captain America, tuta ce aka ɗinka ta zama riga, har da ƙananan fukafukai a hula, kuma an ƙirƙire shi ne a 1941 don farfagandar yaƙi. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba, sai ya mayar da shi labari. An ba Steve Rogers ƙarfi, amma maimakon fagen fama aka sa masa ɗamammun kayan dandali, yana yawo jiha-jiha da 'yan mata masu rawa yana tallan takardun lamunin yaƙi, yana naushin Hitila na wasa kowane dare. Yara suna tafi. Sai aka kai shi gaban sojojin gaske a Italiya a 1943, mutanen da suka dawo daga inda aka kashe 'yan'uwansu. Suka yi masa ihu, suka ce a dawo da 'yan matan, suka jefe shi da tumatir. Bayan nan muka gan shi zaune ana ruwa, yana zana kansa a matsayin birin wasa a kan keke mai taya ɗaya. Da ya tashi zuwa ceto fursunoni, jaket ya ɗora a kan kayan dandalin, ya ɗauki kwalkwalin ɗaya daga cikin masu rawar da garkuwar wasan. Ya dawo da ɗaruruwan mutane a bayansa. Daga nan da aka zo yi masa kayan yaƙi na gaske, shi da kansa ya riƙe launukan. Duk ba'ar da ɗan kallo zai iya yi, sojojin nan sun riga sun yi ta, da dalilinsu, a lokacin da ya dace, sannan fim ɗin ya sa mutumin ya cika rigar.

Alkyabba tana da nata babin. A The Incredibles na 2004 mai ɗinka wa jarumai kaya, Edna Mode, ta ƙi yin alkyabba sam, ta jero sunayen waɗanda tasu ta hallaka: wanda ta maƙale a jikin makami mai linzami, wadda injin jirgi ya zuƙe, da sauransu. Kana dariya ka manta. A ƙarshen fim bos ɗin, Syndrome, alkyabbarsa ce ta ja shi cikin injin jirgi. Barkwancin ashe doka ce aka kafa, kuma an zartar da ita. Watchmen, littafin 1986 da fim ɗinsa na 2009, yana da irin wannan ta fuskar baƙin ciki: Dollar Bill, jarumin da banki ya ɗauka aiki ya kuma sa shi yafa alkyabba don talla, ta maƙale a ƙofa mai juyawa 'yan fashi suka harbe shi. Sharaɗin irin wannan zolaya shi ne ka yarda da sakamakonta. Ba za ka ce alkyabba tana kisa ba sannan jaruminka ya ci gaba da yawo da ita lafiya ba tare da bayani ba.

Spider-Man shi ne wanda raha kan kaya ta fi karɓa, domin talaka ne kuma shi ke wanke kayansa. A Spider-Man 2 na 2004 ya kai wanki, ja da shuɗin kayan suka zuba a fararen kayansa na ciki. A wani wurin baiwarsa ta ɗauke, dole ya sauko ta lif, wani mutum ya yaba kayan, shi kuma ya amsa cewa suna ƙaiƙayi kuma suna matse shi a tsakanin cinya. Babu wanda zai san wannan sai mai sawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Captain America: Civil War na 2016 Tony ya yi wa kayan da Peter Parker, wato Spider-Man, ya haɗa da hannunsa dariya, a Spider-Man: Homecoming na 2017 ya ƙwace masu tsadar da ya ba shi, sai ga Peter a ƙarƙashin ɓaraguzan gini cikin waccan rigar sanyi mai hula da tabarau na gida, kuma da su ya ɗaga ginin.

Ga mai rubutu ko mai tace fim, abin da ya fi lalata irin wannan raha shi ne wurin da aka ajiye ta. Gurbinta farkon labari ne, lokacin da jarumi bai cancanci kayan ba tukuna, ko tsakiya lokacin hutu tsakanin faɗa biyu. Sau ɗaya ta isa, in ta yi yawa biyu. Inda ba ta da gurbi shi ne daƙiƙar da kiɗa ya tashi, kamara ta matso, aka ce wa ɗan kallo ga jarumi ya cika. A Doctor Strange na 2016, bayan mutuwar malamarsa, Strange ya tsaya gaban madubi ya ɗaga wuyan alkyabbarsa, kiɗa na hawa, sai alkyabbar, wadda ke da rai a labarin, ta shiga goge masa hawaye har ya tsawata mata. A cikin dokar duniyar, abin yana da ma'ana sarai, alkyabbar tana da halinta. Amma an karɓe wa ɗan kallo abin da aka yi minti da yawa ana tara masa. Wannan misali ne na zolayar da ta ci jarrabawar farko ta faɗi ta biyu. Dalilin da ya sa irinta ke yawaita shi ne, in an nuna fim ga 'yan kallon gwaji, dariya ana jin ta a ɗaki, shirun wanda abu ya taɓa kuwa ba a bambance shi da shirun wanda ya gaji. Abin da ake iya aunawa shi ke tsira a ɗakin tacewa.

Tsoron da ya haifi riga-kafin ma an ga bai da tushe sosai. Aquaman shi ne jarumin da aka fi yi wa dariya shekara da shekaru, amma a 2018 James Wan ya fito da Jason Momoa daga bayan ruwa mai zubowa cikin riga ruwan zinariya da koren wando, babu wanda ya yi tari, fim ɗin ya haura dala biliyan 1. Man of Steel na 2013 ya cire wa Superman jan wandon, Superman na 2025 ya mayar da shi, kuma darakta James Gunn ya bayyana cewa aktan, David Corenswet, shi ya shawo kansa da hujjar cewa mutum mai irin wannan ƙarfi zai so ya yi shigar da ba za ta tsorata yara ba, kamar ta 'yan kokawar talabijin. Ka ga an koma inda aka faro a 1938.

Deadpool ba ya shiga wannan awo, domin shi dokarsa ita ce ya san a fim yake, yana juyowa ya yi maka magana. Da ya roƙi kada a yi masa kaya kore ko na zanen kwamfuta a fim ɗin 2016, aktan ne, Ryan Reynolds, ke tsokanar Green Lantern ɗinsa na 2011, kuma an gaya maka tun farko haka wasan yake. Abin da ba ya yiwuwa shi ne fim ɗin da ke son a ɗauke shi da gaske ya riƙa aron bakin Deadpool duk lokacin da ya ji kunya. Wata hanya mai sauƙi ta gwaji, ga wanda ya saba da fina-finan fassara: ka juya maganar zuwa Hausa ka faɗa wa wanda bai taɓa buɗe littafin zane ba. Labulen mahaifiyar Thor zai ba shi dariya, wankin Spider-Man ma haka. Maganar ruwan ɗorawa kuwa zai tambaye ka wa ya sa rawaya.

Nau'in da ya fi haɗari shi ne wanda ke taɓa abin rufe fuska, domin a kansa sirrin jarumi yake rataye. A Green Lantern ɗin nan na 2011, jarumin, Hal Jordan, ya sauka a barandar Carol Ferris da ɗan ƙyallen da ya rufe idanunsa kawai yana kauraro murya, ta gane shi nan take, ta ce tun suna yara ta san shi, ɓoye ƙashin kumatu ba zai ruɗe ta ba. Raha ce mai kyau, gaskiya ce kuma, amma ta buɗe ramin da fim ɗin ba zai iya cikewa ba: in ita ta gane, abokan aikinsa fa? Tabaran da Superman ke ɓuya da su a matsayin Clark Kent ma haka suke, duk wanda ya yi musu ba'a a cikin fim ya ɗauko wa kansa aikin bayani, shi ya sa fim ɗin 2025 ya jefa maganar cewa tabaran suna ruɗa idon mai kallo. Fim ɗin 1978 bai yi bayani ba, bai yi ba'a ba. A ɗakin Lois Lane, abokiyar aikinsa, tana ciki tana shiri, Reeve ya cire tabaran, ya miƙe bayansa, kafaɗunsa suka buɗe, ya ƙara tsawo a gaban idonka, muryarsa ta sauka zai gaya mata gaskiya. Ta fito, zuciyarsa ta karaya, ya mayar da tabaran, ya rankwafa, muryar ta koma siririya tana in'ina, duk a ɗauka ɗaya ba a yanke ba.